Wadda Aka Bari a Tsaunin Sogol

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma Seol Ok-bun ta iso rumfar ƙarshe, inda ake buga wa masu tafiya hatimi a kati. Babu kowa a bayanta. Mutum fiye da dubu ne suka taso da hantsi daga filin makarantar ƙauyen Sogol, kowa da lamba a ƙirji da sanda bibbiyu a hannu, bayan an miƙe gaɓoɓi da kiɗa, an saurari jawabin likita a kan hawan jini. Kilomita ashirin da biyu ake yi duk shekara idan ganye ya yi ja. Yanzu duk sun yi gaba, sun bar ɓawon lemo da sawun takalma. Saura kilomita shida, a haye tsauni a gangara filin da aka faro.

Mata biyu masu aikin sa kai suna naɗe tebur. Ɗaya ta ɗago, ta ga wata gajerar mata ta doso su, fuskarta rufe da takunkumi da faffaɗar hular rana, ido kawai ake gani.

"Iye! Ashe da saura. Inna, mun ɗauka an ƙare, har mun zubar da shayin."

"Zo ki hau motarmu," in ji ɗayar. "Ba mai sani. Mu buga miki hatimin duka, ki je ki yi wa jikoki kuri."

"Da ƙafata na faro," in ji Ok-bun, "da ita zan ƙarasa."

"To, ga gwanin nan. Shugaba! Ga amanarka, ka kai ta gida lafiya."

Shugaba Pyo Man-deok ya fito daga bayan rumfa yana goge baki. Shekararsa sittin da shida, amma yana tafe yana buɗa ƙirji kamar saurayi. Jar riga, usur a wuya, oba-oba a kafaɗa, buhu rataye a ƙugu. Shi ne shugaban ƙungiyar da ke shirya tafiyar, kuma shi ne mai bin baya. Aikinsa ya zo a ƙarshen kowa, yana kwance ƙyallayen da aka ɗaɗɗaura a rassa don nuna hanya, ya tabbatar ba a bar kowa a kan tsauni ba.

"Baiwar Allah, ko kunkuru aka maƙala wa lamba da yanzu ya isa har ya yi wanka," ya ce yana dariya. "Mu je, mu je. Ana can ana kwasar farar giyar shinkafa babu ni. Kada ki damu, shekara goma sha ɗaya ina bin baya, ko kaza ban taɓa bari ba."

A cikin takunkumi Ok-bun ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini.

Shekara huɗu da suka wuce, a wannan tafiya, yayarta Chun-sil ba ta iso fili ba. Su biyu kaɗai iyayensu suka haifa, rumfa ɗaya kuma suke zama a kasuwar garin Wonju, suna sayar da kimchi, wato tsumammen kabeji mai yaji, da soyayyun ƙananan kifaye. Chun-sil tana fama da gwiwa, likita ne ya ce ta riƙa tattaki. A ranar Ok-bun ta riga ta isa fili, ta kuma gaya wa 'yan sanda cewa cunkoso ne ya raba su. Shi kuwa Pyo ya rantse ya maya bai ga kowa a hanya ba, ƙila matar ce ta ratse da kanta. Kwana uku ana nema. Aka same ta a gindin wani kwazazzabo, sanyi ya kashe ta. Tafin takalmanta ya cinye, safa ta manne da jini. Masu bincike suka ce ta yi kwana biyu tana zagaya wuri ɗaya.

Aka ce tsautsayi ne, aka rufe magana.

Sai bana, da sanyi ya wuce, wata tsohuwa mai kawo saiwoyi da ganyen daji kasuwa ta zauna a rumfar Ok-bun tana hutawa. Hira ta yi hira, ta ce ita mutuniyar Sogol ce, kuma akwai abin da ya tsaya mata a wuya shekara da shekaru. Ba ta san da wa take magana ba. Ta ce ranar wata tafiya tana saman tudu tana tono, sai ta hango wata mata zaune a kan faffaɗan dutse tana murza gwiwa. Mai jar riga ya zo yana kwance ƙyallaye. Matar ta roƙe shi ya jira ta. Ya duba agogo, ya ce, "Zauna nan, zan turo mota." Ya wuce yana kwance ƙyallayensa, har da wanda ke saman kanta.

"Ni na ɗauka ya turo," in ji tsohuwar. "Da labari ya fito kuma, tsoro ya kama ni. Mutumin nan da manya yake cin abinci. Wa zai saurari mai tonon saiwa?"

Tun daga ranar Ok-bun take hawa benen gidansu da ƙafa, hawa goma sha biyu, safe da yamma, wata shida cur. Ba lafiya take nema ba. Ta yi rajistar tafiyar da sunan maƙwabciyarta, yau kuma da gangan ta yi ta jan ƙafa har kowa ya wuce ta. So take ta kai shi gaban dutsen nan, daga ita sai shi, ta sa ya durƙusa ya faɗa da bakinsa, wayarta na ɗauka a aljihu. In ya ƙi fa? Kwazazzabon yana nan kusa, sandunanta kuma bakin ƙarfe gare su. A nan tunanin yake tsayawa kullum. Ba ta ƙarasa shi, ba ta kuma kore shi.

Suka bar kwalta suka kama siririyar hanya. A hagu gonakin kabeji sun hau tudu layi-layi. A gidan ƙarshe an rataye manyan kanya ja a baranda suna bushewa, hayaƙin itace na tashi daga bayan katanga, wani kare ya yi haushi sau biyu ya gaji. Rana ta karkata ta zuba haske a kan tsaunuka, ja a nan, rawaya a can, kamar an shanya zannuwa. Rafi yana bin su ta dama yana ta surutunsa.

Pyo ma haka. Yana fizge ƙyallaye masu ruwan ɗorawa yana cusawa a buhu, bakinsa bai huta ba. Ya ba ta labarin lambar yabon da aka ba shi, da yadda likita ya ce zuciyarsa ta ɗan shekara talatin ce.

"Ku mata matsalarku ɗaya," ya ce. "Ku sayi kayan tafiya masu tsada, ku zo ku tsaya ɗaukar hoto. Tsauni ba ya son mai nawa. Ɗaga ƙafa, baiwar Allah, rana ba ta jira."

"Ina ɗagawa, Shugaba."

Suka shiga cikin dogayen itatuwa. Haske ya ragu. Hanya ta miƙe sama, busassun ganye na ƙara a ƙarƙashin takalma. Sun yi kamar minti arba'in suna hawa, sai Ok-bun ta lura ba ta jin rafin.

Ba raguwa ya yi ba. Ɗaukewa ya yi ɗif.

Tsuntsaye ma sun yi shiru. Wani farin hazo mai laima ya gangaro ta tsakanin itatuwa, a hankali, ya lulluɓe musu gwiwoyi, ya kai ƙirji. Sanyinsa ya ratsa riga.

"Haka tsaunin nan yake da yamma," in ji Pyo. "Yanzu zai wuce." Amma ya rage murya.

Sai wari ya zo.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da ruɓaɓɓen ganye, a ƙarƙashinsa kuma wani abu mai yaji da ke shiga hanci. Man zafi. Irin wanda ake murza wa gwiwa. Shekara ashirin Ok-bun tana shaƙar warin nan a rumfa, har yakan kama kuɗin canji.

Pyo ya tsaya cak, hannunsa a kan reshe.

Ƙyallen da ke ɗaure a wurin fari ne.

"Wane shashasha ne ya ɗaura wannan?" ya ce. "Bana ruwan ɗorawa muka sa."

Ya fizge shi. A jiƙe yake sharkaf, ya yi baƙi-baƙi a gefe. Ya kai shi kusa da ido, ya karanta shekarar da aka buga a jiki. Na shekara huɗu da suka wuce ne. Bai sa shi a buhu ba. Ya yar, ya goge hannu a wando.

Gaba kaɗan ga wani fari. Gabansa wani. Na ruwan ɗorawa ko ɗaya babu.

Ya ciro oba-oba. "Fili, fili, Pyo ne. Kuna ji na?"

Shuuu kawai take yi.

"Mu je," ya ce. "Na san hanyar nan ko ido rufe."

Suka ci gaba. Ba a jima ba Ok-bun ta ji wani sauti can baya, siriri. Ƙilin. Irin 'yar ƙararrawar da masu tafiya kan rataya a jaka don korar aladun daji.

"Ke ce da ƙararrawa?" Pyo ya tambaya da raɗa.

"A'a."

Ƙilin. Sai ƙwas, bakin sanda a kan dutse. Sai wani ja, shaaa, kamar ana jan ƙafa a cikin ganye.

Ƙilin. Ƙwas. Shaaa.

Ba sauri ake yi ba.

Pyo ya juya ya hura usur da ƙarfi. "Waye a nan? In da wanda ya rage ya yi magana!"

Hazo ya haɗiye muryar. Sautin ya tsaya. Da suka ɗaga ƙafa, ya ci gaba.

Hanya ta buɗe, suka fito wani ɗan sarari. Ga faffaɗan dutse a gefe, mai tsayin kujera, gansakuka ta rufe rabinsa. Bayansa ƙasa ta yanke, bakin kwazazzabo ke nan. Pyo bai ko dubi wajen ba. Ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri, Ok-bun na biye. Ta buɗe baki za ta tsayar da shi, harshenta ya ƙi.

Suka yi minti goma sha biyar suna gangara. Gangara ce, ta ji ta a cinyoyinta.

Hanya ta buɗe. Ga dutsen.

Pyo ya yi wata ƙara a maƙogwaro. Ya kama wata hanyar ta hagu, kusan da gudu, rassa na marin su. Numfashinsa ya koma kamar na tsohon zuga-zugi. Suka haura, suka gangara, suka tsallake wani kututture.

Ga dutsen.

Ya zube a ƙasa yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa duk da sanyin. A nan ne tsoron Ok-bun ya ja baya, wani abu da ya fi shi zafi ya taso. Ta danna wayar a aljihu. Ta cire hula. Ta sauke takunkumi.

"Dube ni, Shugaba."

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallo kafin fuskarsa ta saki.

"Ke ce... ƙanwar matar nan."

"Sunanta Seol Chun-sil. Faɗi sunan."

"Baiwar Allah, yanzu ba lokacin..."

"A nan ta zauna. Ta roƙe ka. Me ka ce mata?"

"An yi bincike! An wanke ni!"

Ta ɗaga sanda ta ɗora bakin ƙarfen a ramin wuyansa. Bayansa taku uku ne zuwa bakin kwazazzabo.

"Me ka ce mata?"

Idanunsa suka kawo ruwa. "Na ce zan turo mota. Na yi niyya, na rantse na yi niyya! Da na sauka aka tare ni, manyan baƙi sun zo, aka miƙo min kofi, aka ce in yi jawabi. Na manta. Sai da kika zo kina tambaya na tuna, dare ya riga ya yi. In na faɗa a lokacin, na ƙare. Ƙungiyar ta ƙare. Ina da iyali, ki ji tausayi..."

"Ka san inda take. Kwana uku ana nema a gabas, ka san tana yamma, ka yi shiru."

Ya kawar da kai.

"Tana da rai a kwana biyun farko," in ji Ok-bun. "Tana tafiya."

Ta ƙara danna sandar. Ya ja baya da gindi, taku ɗaya.

Ƙilin.

A kusa. Dab da kunnenta.

Warin man zafi ya cika wurin har idonta ya yi yaji. Pyo ba ita yake kallo ba yanzu. Bayanta yake kallo, bakinsa a buɗe.

Ta juya a hankali.

Akwai mutum a kan dutsen.

Mace ce, zaune, kanta a sunkuye. Shuɗiyar rigar sanyi, ta jiƙe ta yi nauyi. Ok-bun ce ta saya mata ita. Lambar da ke ƙirji ta koɗe. Hannu ɗaya yana kan gwiwa, yana murzawa, yana murzawa. Ƙafafun ba takalmin kirki, sai tsumma da wani abu baƙi da ya bushe.

Muryar ta fito siririya, kamar iska ta ƙofar da ba a rufe da kyau ba.

"Shugaba."

Pyo ya fara kuka kamar yaro.

"Motar ta zo?"

Ya rufe fuska da hannuwa.

"Na zauna. Ka ce in zauna. Na zauna har duhu."

"Ki yafe ni... ki yafe..."

"Da na tashi, babu ƙyalle ko ɗaya."

Hannun ya daina murza gwiwa. Ta dafa sanda. Ta miƙe, gaɓoɓinta na ƙara kamar busassun kara. Kan bai ɗago ba.

"Tashi. Kai ka san hanya. Nuna min."

"Ba zan iya ba, ƙafata..."

"Tashi."

Ok-bun ta ga abin da idonta. Ƙafafun Pyo suka miƙe da kansu, gangar jikin ta biyo baya kamar an ja ta da igiya. Ya kama reshe, reshen ya zame. Ƙafar dama ta taka. Ta hagu ta taka. Ya juyo da wuya yana kallon Ok-bun.

"Taimake ni! Baiwar Allah, riƙe ni! Zan faɗa wa kowa, zan je wurin 'yan sanda, riƙe ni!"

Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Wani daɗi ya ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa, daɗin da rabonta da shi shekara huɗu. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Jar rigar ta shige hazo, kukan na biye da ita.

"Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Yaya, ni ce. Na kawo miki shi."

Shuɗiyar rigar ta riga ta juya za ta bi shi. Sai ta tsaya.

Kan ya fara ɗagowa.

Ok-bun ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ta gani a ƙarƙashin gashin nan ba. Ta dai ce idanun a buɗe suke, kuma sun san ta.

"Ok-bun."

"Na'am, Yaya."

"Ke minti biyar kika ce."

Ƙasa ta juya mata.

Ba cunkoso ne ya raba su ba. A rumfar ƙarshe suka yi cacar baki a ranar. Ok-bun ta gaji da jira, ta ce kullum Yaya ce ke ja mata baya, a kasuwa da ko'ina. Ta ce za ta ɗan yi gaba ta jira ta a saman tudu, minti biyar. Ba ta jira ba. Ta haɗu da wasu mata masu raha ta bi su har fili. Tana zaune ana tafi ana waƙa wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan, ta kife ta a kan tabarma. Bari ta ɗan ji jiki, ta ce a ranta. Kira ɗaya ne ya samu shiga daga tsaunin. Ba a sake samun wani ba.

Shekara huɗu tana binne wannan a ƙarƙashin sunan Pyo.

"Na kira ki."

"Yaya, ban sani ba... ban san haka..."

"Ya yi ta ƙara."

Ƙwas. Shaaa.

Taku ɗaya.

Ok-bun ta ja baya. Sandunan suka faɗi daga hannunta.

Ƙwas. Shaaa.

Ta juya za ta gudu, aka kama jakar bayanta.

Sanyi ya huda rigar ya shiga ƙashin bayanta. Ta ji ƙafarta ta dama ta ɗaga ba da izininta ba. Ta taka. Ta hagu ta fara ɗagawa.

"Mu je tare," aka ce a bayan wuyanta. "Wannan karon a jere."

Yatsunta suka lalubo maɓallin jakar a ƙirji. Ya ƙi. Ta danna da farce har farcen ya karye.

Ya buɗe.

Ta zame hannuwa daga igiyoyin, ta jefa kanta gefe, ba wajen kwazazzabo ba, ɗaya gefen, inda gangara take. Ta mirgina. Duwatsu, ƙaya, saiwoyi. Wani abu ya karye a kafaɗarta, ta ji ƙararsa. Ba ta yi ƙoƙarin tsayawa ba. Ta yi ta gangarawa har bayanta ya daki wani abu mai laushi da sanyi.

Kabeji.

Sama a buɗe take, ja-ja, rana ta faɗi ke nan. Ga rafi yana surutu. Can ƙasa wani manomi yana loda kwanduna a ƙaramar mota. Ta buɗe baki ta yi ihu, ta yi ta yi har ya juyo.

A asibiti ta miƙa wa 'yan sanda wayar. Muryarta ta fito, ta Pyo ta fito, duk abin da ya amsa da bakinsa yana ciki. Inda ɗaya muryar ta yi magana kuwa, shuuu kawai ake ji. Aka sake buɗe binciken mutuwar Chun-sil. Tsohuwa mai saiwoyi ta zo ta ba da shaida. Ƙungiyar ta watse, ba a ƙara yin tafiyar Sogol ba.

Pyo kuwa sai a kwana na uku masu nema suka gan shi, a wancan sararin, yana zagaya dutsen. Da ransa. Tafin takalmansa ya cinye. Ƙarti huɗu suka taru kafin su ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, suna ɗaure shi ƙafafun na tafiya a iska.

Ba a kai shi kotu ba. Likitoci suka ce ba shi da hankalin da zai tsaya gaban alƙali. Aka kai shi wani gidan jinya a bayan gari.

Da kafaɗarta ta warke, Ok-bun ta je ganinsa. So take ta ga ƙarshensa da idonta, ta ƙoshi. Ta same shi a tsakar gidan, dusar ƙanƙara ta fara zuba, yana zagaya wata bishiya. Ya rame ya zama ƙashi da fata, ƙafafunsa naɗe da bandeji. Ya tona hanya a ƙasa da sawunsa. Matarsa, wata 'yar tsohuwa mai furfura, tana biye da shi da kwano da cokali, tana ba shi kunu a tafe.

"Ba ya zama," matar ta ce, ba ta san ko wace ce ba. "Sai an yi masa allura yake kwanciya, yana farkawa ya miƙe. Kin san shi ne, 'yar'uwa?"

"Mun taɓa tafiya tare."

"Likita ya ce zuciyarsa ba za ta kai shi ƙarshen sanyin nan ba. Ni har na fara roƙa masa hutu."

Pyo ya zagayo. Bai dubi Ok-bun ba, idonsa na ƙasa. Amma da ya zo daidai da ita, leɓensa ya motsa. Ta matsa ta kasa kunne.

"Ta ce in gaya miki," ya ce da raɗa. "Ɗaya bayan ɗaya. In ta gama da ni, sai ke."

Ya wuce. A bayansa, cikin sabuwar dusar da ta kwanta, ga sawunsa. Kusa da shi kuma ga wani dogon ja, kamar na ƙafar da ba ta ɗaguwa.

Tun daga wannan rana, duk Laraba da Asabar Ok-bun takan rufe rumfa da wuri. Ta dafa romon ƙashin sa tun asuba, ta sa saiwar ƙarin ƙarfi mai tsada, ta zuba a kwano mai murfi, ta hau bas zuwa bayan gari. Ita ke karɓar cokalin daga hannun matar. Ita ke bin sa tana lallashi, "Ɗaya dai, Shugaba, ƙara ɗaya." Ta saya masa safa mai kauri, ta yi faɗa da ma'aikatan jinya a kan maganin zuciyarsa. Matar Pyo takan share hawaye ta ce ba ta taɓa ganin mai kirki irin wannan baiwar Allah ba.

Ya wuce sanyin farko. Ya wuce na biyu. Yanzu ana cikin na uku, kuma ya fara tari.

Duk faɗin Wonju babu mai yi wa Pyo Man-deok fatan tsawon rai kamar Seol Ok-bun.